Yadda ake samo takardun shari'a daga kotun gunduma a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana ya yi zaman unguwar Bronx a birnin New York, a can kotu ta raba aurensa da matarsa ta farko, daga baya ya dawo gida Kano. Yanzu ana neman takardar hukuncin a wani aiki na biza, kwafin da ke hannunsa ya ɓata, lambar ƙarar ma bai riƙe ba. Na biyu, akwai wani dillalin motoci a Houston da muke shirin tura wa kuɗi, sai muka ji ƙishin-ƙishin cewa mutane sun sha maka shi a kotu. Ta yaya za mu samo waɗannan takardu muna nan gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka biyun za su yiwu ba tare da wani ya hau jirgi ba, sai dai hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ta dillalin a buɗe take ga kowa. Ta yayanka kuwa doka ta rufe ta, sai shi da kansa ko lauyansa.

Mutane da yawa suna zaton akwai wani babban ofishi a Washington da ke ajiye da takardun shari'un ƙasar baki ɗaya. Babu irin wannan ofishi. Kowace jiha da tsarin kotunanta, kuma a mafi yawan jihohin fayil yana zaune ne a gundumar da aka shigar da ƙara, a hannun magatakardar kotun wurin. Gundumomin nan da suke kira county sun haura 3,100. Texas kaɗai tana da 254, Georgia 159, California 58, Delaware uku rak. Kusan duk wata ƙarar neman haƙƙi, wadda lauyoyinmu ke ce wa sibil, a wannan mataki take: bashi, rikicin haya, saɓa yarjejeniya, diyyar haɗarin mota, saki, rabon gado. Wanda ya gano gunduma kuma ya gano wane ofishi ne a cikinta ya gama mafi wuyar aikin, abin da ya rage cike takarda ne da biyan kuɗi kaɗan.

Kuma sunan birni ba ya wadatarwa. Mafi yawan Houston yana cikin gundumar Harris, amma birnin ya ɓalle ya shiga Fort Bend da Montgomery, kuma 'yan Najeriya da yawa suna zaune ne ta kudu maso yamma, inda iyakar Harris da Fort Bend take. Atlanta ma haka, tsakanin Fulton da DeKalb. Don haka ka samo cikakken adireshin dillalin, na gida da na wurin sana'a, ka duba kowanne a wace gunduma ya faɗa.

Bari mu fara da shi, tunda kuɗinku ne ke kan hanya.

A gundumar Harris ƙofa uku za ka ƙwanƙwasa, kuma kowace da rajistarta. Ofishin District Clerk shi ke riƙe da fayilolin manyan kotunan gunduma, inda ake kai ƙararraki masu nauyi da shari'un iyali. Ofishin County Clerk yana riƙe da na kotunan sibil na tsakiya da na gado, sannan a wurinsa ake rajistar filaye da gidaje. Na uku su ne ƙananan kotuna na Justice of the Peace, guda 16 a gundumar, waɗanda ke sauraron ƙarar da ba ta wuce dala 20,000 ba tun daga Satumban 2020, da kuma ƙarar tashin ɗan haya. Wannan ta ukun ita mutane suka fi mantawa, alhali rikici a kan tsohuwar mota guda ɗaya, an biya ba a kawo ba ko an kawo babu takardun mallaka, galibi a nan yake ƙarewa. Wanda ya duba shafin District Clerk kaɗai bai ga komai ba ya ce mutumin tsaf yake, to kashi ɗaya cikin uku ya duba.

Duk ukun suna da shafin bincike a intanet. A na District Clerk sai ka buɗe asusu, kyauta ne, kafin ka ga takardun da kansu. Wasu shafukan gwamnati a Amurka ba sa buɗuwa daga ƙasashen waje. Idan ka ci karo da haka, ba laifin wayarka ba ne, ka roƙi wani da ke can ya duba maka.

Wurin rubuta suna a nan ake yin asarar bincike. Na'urar ba ta san Muhammad da Mohammed da Mohamed mutum ɗaya ba ne, haka Usman da Ousmane, Abubakar da Aboubacar. Abin da lauyan mai ƙara ya rubuta ranar farko shi ke cikin rajista, ko da kuskure ne. Sunayenmu kuma sukan juye a hannun ma'aikaci, sunan uba ya koma na farko. Gwada kowace siga, ka juya sunayen, ka gwada haruffa huɗu ko biyar na farko kaɗai. Sannan ka tuna ɗan kasuwa ba safai ake ƙararsa da sunan yanka ba, da sunan kamfani ake yi. Nemi sunan da ke kan rasiɗinsa da wanda ke kan asusun bankin da ya ba ku. Ofishin Sakataren Jihar Texas yana da rajistar kamfanoni, inda za ka ga sunan da aka yi wa rajista da wakilinsa. Wanda kuma ke kasuwanci shi kaɗai da laƙabi, a ofishin County Clerk ake rubuta laƙabin. Idan ka tarar mutum ɗaya ya buɗe kamfani uku ya rufe a jere, ka bincika duka ukun. Af, dillalin mota a Texas sai da lasisi daga hukumar kula da ababen hawa ta jihar, kuma ana iya duba lasisin a shafinta. Wannan ba aikin kotu ba ne, amma minti biyar ne.

To a ce ka samu ƙara. Kada ka fara da karanta takardar shigar da ƙara ka ɗauka gaskiya ce. Wannan bakin mai ƙara ne kawai, kuma a Amurka duk mai kuɗin shigarwa yana iya rubuta zarginsa. Abin da za ka fara buɗewa shi ne jadawalin ƙarar, docket, inda ake jera duk abin da ya faru da kwanan watansa: ranar shigarwa, ranar kai sammaci, amsar wanda ake ƙara, ɗage zama, har zuwa ƙarshe. Ka gangara ƙasa ka ga yadda ta ƙare. Idan ka ga default judgment, an kai masa sammaci bai amsa ba, aka yanke hukunci a bayan idonsa. Idan ka ga nonsuit, mai ƙara ne ya janye, kuma sau da yawa sulhu aka yi a waje. Abin da aka biya a sulhun ba za ka gan shi a fayil ba. Idan aka rubuta DWOP, kotu ce ta kori ƙarar saboda mai ita ya yi sakaci da ita. Korar ƙara ma iri biyu ce, akwai wadda ta bar ƙofar sake shigarwa a buɗe, akwai wadda ta rufe ta har abada. Idan an yanke masa biyan kuɗi, nemi takardar da ke nuna ya biya, release ko satisfaction. Rashinta na iya nufin bashin yana nan a wuyansa. A Texas wanda ya ci shari'a yakan kai taƙaitaccen hukuncin ofishin County Clerk a shigar da shi rajistar filaye, don bashin ya hau kan kadarorin wanda ake bi, saboda haka ka leƙa wannan rajista ma.

Ni a ganina ƙara ɗaya ko biyu a kan mutumin da ya daɗe yana kasuwanci ba ta nuna komai. Abin da ke tayar min da hankali shi ne maimaici: mutane daban-daban da ba su san juna ba, kowa da labari iri ɗaya, ga hukunci a bayan ido an jera, babu alamar biya. Sannan rashin samun ƙara ba shaidar amana ba ce. Wanda aka cuta yana Kano ko Kwatano da wuya ya iya shigar da ƙara a Houston, kuma yarjejeniyoyi da yawa suna tilasta a je gaban mai sasanci mai zaman kansa, wanda zamansa ba ya shiga rajistar kotu.

Akwai abu ɗaya da ba za ka taɓa samu a gunduma ba: shari'ar karayar arziki. Wannan ta kotun tarayya ce kaɗai. Ita tana da shafi guda na ƙasa baki ɗaya, PACER, wanda ya haɗa kotunan tarayya na yankuna 94. Kuɗinsa santi 10 ne kowane shafi, takarda ɗaya ba ta wuce dala 3, kuma idan abin da ka kashe a wata uku bai wuce dala 30 ba ana yafewa. Duba sunan dillalin da na kamfaninsa a nan. Mutumin da ke cikin shari'ar karayar arziki ba wanda za a tura wa kuɗin mota ba ne ba tare da shawarar lauya ba. Amma PACER ba ta da takardun kotunan jiha, kada ka ɓata lokaci kana neman sakin yayanka a ciki.

Yanzu ga ta yaya.

A jihar New York kotun da ke raba aure sunanta Supreme Court, kuma ba ita ce kotun ƙoli ba, kotun matakin farko ce da ke zama a kowace gunduma. Ta ƙolin jihar tana Albany da sunan Court of Appeals. Kotun iyali ta jihar tana duba riƙon yara da kuɗin ciyarwa, amma ba ta sakin aure, don haka kada a aika mata wasiƙa. Fayil ɗin saki yana wurin County Clerk na gundumar da aka yi shari'ar. Birnin New York gunduma biyar ne: Bronx da Queens suna amsa sunansu, Brooklyn ita ce Kings, Manhattan ita ce gundumar New York, Staten Island kuma Richmond.

Kada ku ɗauka tunda ya zauna a Bronx to fayil ɗin yana Bronx. An shafe shekaru lauyoyi da masu cike wa mutane takardu suna kai sakin da babu jayayya a cikinsa gundumar da ta fi sauri, wani lokaci Manhattan, wani lokaci wata ƙaramar gunduma can arewacin jihar da ma'auratan ba su taɓa takawa ba. Sannan idan matar ce ta shigar da ƙarar, tana iya yiwuwa a inda take zaune ta shigar. Yayanka ya tono tsofaffin saƙonninsa na imel, rasiɗin lauya, duk wata takarda mai kan kotu. A saman kowace akwai sunan gunduma da lambar ƙara, wadda a New York ake kira index number, lamba ce tare da shekarar shigarwa. Idan lauyan yana nan da rai kuma yana aiki, shi ne hanya mafi gajarta. Idan babu ko ɗaya, Ma'aikatar Lafiya ta Jihar New York tana ajiye da takardar shaidar duk sakin da aka yi a jihar tun daga 1 ga Janairun 1963. Ita wannan shaida shafi ne mai ɗauke da sunaye da kwanan wata da wurin da aka raba auren, ba hukuncin alƙali ba ce, amma za ta nuna muku gundumar.

Sirrin da na ambata yana cikin sashe na 235 na dokar zamantakewar iyali ta jihar. Ya hana magatakarda ya nuna wa kowa fayil ɗin shari'ar aure ko ya ba shi kwafi, in ban da ma'auratan biyu da lauyoyinsu, sai da umarnin alƙali, kuma rufin yana ɗaukar shekara 100. Kai ƙaninsa ba za a ba ka ba, ko da kun fito ciki ɗaya. Abin da kowa ke iya nema shi ne gajeriyar shaida daga magatakarda cewa an yanke hukunci a ƙara kaza ranar kaza, ba tare da bayanin abin da ke ciki ba. Wannan tsauri ba a ko'ina yake ba. A Texas hukuncin saki galibi takarda ce da jama'a ke iya nema, California kuma ta hana a ɗora takardun shari'ar iyali a intanet amma ana iya zuwa kotu a duba. Waɗanda kusan ko'ina a rufe suke su ne fayilolin ɗaukar riƙon yaro, shari'ar ƙananan yara da ta lafiyar ƙwaƙwalwa.

Don haka yayanka ne zai rubuta wasiƙar da sunansa, ya haɗa da kwafin fasfo. Tunda ba ido da ido ba ne, za su so a tabbatar da sa hannunsa. Ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja da ƙaramin ofishinsu na Legas suna yin wannan aiki, sai an nemi rana tukuna, kuɗin hatimi ɗaya dala 50. Idan yana da amintacce a New York, ya tambayi ofishin magatakardar ko za su karɓi wasiƙar wakilci mai irin wannan hatimi, wakilin ya je ya karɓo da hannunsa. Wannan ya fi gidan waya sauri nesa ba kusa ba.

Kafin a biya ko sisi, a tambayi masu neman takardar wane irin kwafi suke so, domin iri uku ne. Akwai kwafi zalla, na karantawa, wanda ya ishe ka a binciken dillali. Akwai mai hatimin magatakarda da sa hannunsa cewa ya yi daidai da na asali, wato abin da muke ce wa CTC a rajistarar kotunanmu. Su certified copy suke cewa. Akwai kuma mai hatimi uku, exemplified, inda magatakarda ya shaida takarda, alƙali ya shaida magatakarda, magatakarda ya sake shaida alƙali, wanda ake nema idan za a kai hukuncin wata kotu a zartar da shi. Idan bizar ta Amurka ce, mai hatimin magatakarda ya wadatar, kuma hukuncin ake so cikakke, kowane shafi, har wanda alƙali ya sa wa hannu. Mutane kan kai shafin farko da na ƙarshe a dawo da su.

Idan kuwa wata hukuma ce a wajen Amurka za a kai wa, akwai ƙarin mataki. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 suna karɓar tambari guda da ake kira apostille, wanda ofishin sakataren jihar ke bugawa. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar. Takardar da za a yi amfani da ita a Najeriya, in an buƙaci tantancewa, sai ta bi ta ofishin sakataren jihar, ta wuce Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, sannan ofishin jakadancin Najeriya a Washington ko ƙananan ofisoshinta na New York da Atlanta. Doguwar hanya ce mai cin makonni, kada a shige ta sai an ce lallai.

Wasiƙar kanta gajeriya ce. Cikakken sunan mai ƙara da na wanda ake ƙara kamar yadda suke a lokacin shari'ar, har da sunan da matar ke amfani da shi kafin aure. Lambar ƙara, in babu sai a ba da shekarun da za a bincika, misali daga kaza zuwa kaza. Sunan takardar da ake so, ba "duk abin da ke fayil" ba, domin da shafi ake biya kuma fayil na iya kai ɗaruruwan shafuka. Irin kwafin da adadinsa. Adireshin mayarwa, lambar waya da imel. Ofisoshi da yawa suna son a haɗo da ambulan mai adireshi da kan sarki a liƙe, shi ya sa adireshin wani da ke Amurka ya fi sauƙi, shi kuma ya turo ta kamfanin aika saƙo.

Kuɗin ba shi da yawa, biyansa daga nan ne wahala. A California shafi santi 50 ne, hatimi dala 40, binciken da ya ɗauki ma'aikaci fiye da minti 10 kuma dala 15. A Texas shafin takarda dala 1 ne. Farashi yana sauyawa, kuma idan kuɗin da ka aika ya gaza ko da dala ɗaya, wasiƙar gaba ɗaya za a mayar maka. Yawancin ofisoshi takardar kuɗi ta gidan waya ko cakin bankin Amurka suke karɓa, wasu suna karɓar kati a shafinsu, tsabar kuɗi a ambulan kuwa kada a kuskura. Matambayi ba ya ɓata: a buga musu waya a ji farashin yau da sunan da za a rubuta a kan cakin. New York tana bayan Najeriya da awa 5 a lokacin zafinsu, awa 6 a lokacin sanyi, Houston ta ƙara awa ɗaya a kai, saboda haka bayan azahar zuwa la'asar ɗinmu ne safiyarsu, lokacin da layi bai cika ba. Ma'aikatan za su gaya maka fom da farashi da inda fayil yake. Ma'anar hukunci ko abin da ya kamata ka yi ba za su faɗa ba, an hana su ba da shawarar shari'a, kada ka ɗauka wulaƙanci ne.

Wasu kan ba da shawarar a rubuta wasiƙar da sunan dokar 'yancin samun bayanai ta 1966. Wannan doka ta hukumomin zartarwa na tarayya ce, ba ta hau kan kotuna ba, balle na jiha. Haƙƙin duba takardun kotu ya fito ne daga tsohuwar al'adar shari'arsu, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar a 1978 a shari'ar kaset-kaset ɗin Shugaba Nixon, da kuma dokokin kowace jiha. A takardun da ba a rufe ba, ba sai ka zama ɗan ƙasa ba, kuma galibi ba a tambayar dalilinka.

Tsohon fayil yana da nasa sha'ani. Abin da aka yi kafin kotuna su koma kwamfuta sau da yawa yana ma'ajiya a wani gini daban, ko an ɗauke shi a fim, sai an nemo, kwanaki ko makonni. Ƙananan ƙararraki ana lalata fayilolinsu bayan wasu shekaru bisa jadawalin jiha, amma hukuncin saki ana riƙe shi. Abin da aka faɗa da baki a gaban alƙali kuma ba ya cikin fayil sai in wani ya biya an buga shi. Wurin mai ɗaukar bayanan zaman kotu ake nema, da farashinsa daban mai tsada.

Shafukan nan masu tallan "binciki kowa da dala kaza" ban ba ku shawarar su ba. Kwashe bayanai suke yi daga gundumomin da suka samu, su bar waɗanda ba su samu ba, su haɗa mutum biyu masu suna ɗaya, kuma abin da suka buga maka babu ofishin da zai karɓa a matsayin shaida. Idan babu ɗan'uwa a can, gara a biya masu sana'ar zuwa kotu karɓo takardu, ko ƙaramin ofishin lauya a gundumar.

Idan hukuncin ya iso, yayanka ya nemi mai hatimi guda biyu tun farko, ɗaya na miƙawa ɗaya na ajiya, kuma kada a cire ƙusar da ta haɗa shafukan don yin hoto, wasu ofisoshi suna ƙin kwafin da aka warware. Ya gwada sunan da ke kan hukuncin da wanda ke kan fasfonsa harafi da harafi, da kwanan watan aure. Idan akwai saɓani, magatakarda ba shi da ikon gyara ko harafi ɗaya a takardar da alƙali ya sa wa hannu. Sai an shigar da roƙon gyara a kotun da ta yanke hukuncin, kuma wannan aikin lauya ne mai lasisin jihar New York, wanda ya kamata a fara tun kafin a sa ranar ganawa a ofishin biza.